Fuka Mai Tsanani da Ƙarin Magani

Ana cewa fuka, wato asma, ta ƙi lafawa idan numfashi yana sarƙe wa mutum fiye da sau 2 a mako, ko tari yana tashinsa da dare, alhali kullum yana shaƙar maganin kariya. Ya kamata mai fama da haka a Achika, musamman lokacin ƙurar hunturu da sussukar gero, ya je Babban Asibitin Wudil da abin shaƙarsa, domin a fara duba yadda yake amfani da shi. Idan ciwon ya ci gaba, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suna iya ƙara masa tiotropium, mai buɗe hanyoyin iska, ko montelukast, mai rage kumburinsu, ba tare da an daina maganin farko ba.