Farasitamol Ba Maganin Kyanwa Ba Ne

Da yawa daga cikin kyanwoyin da ake kawo mana asibitin dabbobi rai a hannun Allah, ba ciwon da ya fara kama su ne ya kai su wannan hali ba, maganin da aka ba su a gida ne. Kyanwa ta ƙi abinci, uwar gida ta ji tausayi, ta ɓallo farasitamol ta dama a madara ta ɗura mata. Niyyar alheri ce, amma guba aka ba ta.

Hantar mutum tana da sinadarin da ke sarrafa wannan magani ya fita ta fitsari. Hantar kyanwa kuwa kusan ba ta da shi. Sai maganin ya taru ya lalata jajayen ƙwayoyin jini, su kasa ɗaukar iskar numfashi. Idan na ɗaga leɓen irin wannan kyanwa, dasashin da ya kamata in gani jajaja sai in tarar ya koma ruwan ƙasa. Fuska da tafin ƙafa sun kumbura, tana haki, yawu na dalala. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe babbar kyanwa. Akwai maganin da ke karya gubar, amma sai an zo da wuri, cikin awannin farko.

Kare ma bai tsira ba. Ibuprofen da diclofenac suna yi masa gyambon ciki, su taɓa ƙoda. Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu wanke kare da fiya-fiya don kashe kaska, ko su shafa masa baƙin mai wai maganin ƙazwa. Fata tana tsotsa, karen kuma yana lasa. Haka maganin ƙuma na kare mai sinadarin permethrin, idan aka ɗiga wa kyanwa, karkarwa da farfaɗiya ke biyo baya.

Mu muna auna nauyin dabba kafin mu ƙayyade magani, mai kemis kuwa ko ganin dabbar bai yi ba.

Jama'a, idan har an riga an ba dabba ɗaya daga cikin waɗannan magunguna, kada a tsaya ɗura manja ko madara, kada a jira a ga abin da gari zai waya da shi. A ɗauko dabbar tare da kwalin maganin, a nufi likitan dabbobi mafi kusa.