Darasin Lissafi: Yadda Ake Gano Lambar Da Ta Ɓuya

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ke ci. A ce wani manomi a Gagarawa ya aiki ƙanensa da tumaki uku, aka sayar da su kuɗi ɗaya. Da yamma ya kawo masa Naira 174,000, ya ce an cire Naira 6,000 kuɗin mota da la'ada. To, nawa aka sayar da kowace tunkiya? Wanda bai iya wannan lissafi ba, sai dai ya karɓi abin da aka miƙa masa.

Ilimin gano lambar da ta ɓuya shi ake kira aljabara. Sunan ya fito daga littafin Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. Babban sashe na littafin a kan rabon gado da wasiyya yake.

Yadda ake yi

Da farko sai a ba lambar da ba a sani ba harafi. A kira kuɗin tunkiya ɗaya t. Kuɗin tumaki uku ya zama 3t, wato t sau uku. Sai a rubuta:

3t − 6,000 = 174,000

Alamar = kamar sikeli take. Abin da aka yi wa gefen dama, tilas a yi wa gefen hagu. A ƙara 6,000 a kowane gefe:

3t = 180,000

A raba kowane gefe gida uku:

t = 60,000

Ashe kowace tunkiya Naira 60,000 aka sayar. In ƙanen ya faɗi wani kuɗi daban, sai a sake zama.

Ire-iren lambobi

Ba kullum amsa ke fitowa cikakkiyar lamba ba. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san ire-irensu.

1. Lambobin ƙirga: 1, 2, 3, har gaba. Da su ake ƙirga awaki da buhunan riɗi.

2. Sifiri, 0: babu riba, babu bashi.

3. Lambobin ƙasa da sifiri: mai Naira 2,000 da ake bin sa 5,000 yana kan −3,000.

4. Lambobin kaso: rabi 1/2, sulusi 1/3, rubu'i 1/4, sumuni 1/8. Da su ake rabon gado. Zakkar geron damina kuwa ushiri ce, 1/10, wato dami ɗaya cikin goma.

5. Lambobin da ba su rubutuwa da kaso: a auna kewayen bakin rijiya da igiya, a auna faɗinsa. Kewayen ya ninka faɗin sau uku da 'yar ɗoriya. Babu kason da ya yi daidai da ɗoriyar nan cif. Ana ɗaukar ɗaya cikin bakwai ne don ya yi kusa da ita ƙwarai.

Duka biyar ɗin ana kiran su lambobi na haƙiƙa. Kowace tana da mazauni a kan layi ɗaya: sifiri a tsakiya, abin hannu a dama, bashi a hagu.

Aikin gida

(a) Wata mata a Gumel ta sayi wake mudu huɗu, ta ba ɗan dako Naira 500. Duka ta kashe Naira 6,500. Nawa ne mudu ɗaya?

(b) Wani manomi a Sule Tankarkar ya fitar da dami 7 zakka. Dami nawa ya noma?

A rubuta amsa a littafi, a kai wa malamin ajin yaƙi da jahilci ya duba.