Yadda Ake Tsamo Litiyam Daga Ruwan Zartsi

Litiyam shi ne mafi rashin nauyi cikin dukan ƙarafa. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Johan Arfwedson, ya gano shi a 1817. Darajarsa ta ɗaukaka bayan 1991, shekarar da kamfanin Sony ya fito da batirin litiyam kasuwa. Da irin wannan batir wayar hannu da motar lantarki suke aiki.

Ana samun litiyam a cikin duwatsu, kamar na jihohin Nasarawa da Kwara da Kogi. Ana kuma samunsa narke cikin ruwan zartsi da ke ƙarƙashin busassun tafkunan gishiri, musamman a Cile da Ajantina da Boliviya.

Tsohuwar Hanya

Wanda ya san yadda ake gishiri a Bilma ya san tushen wannan hanya. Akan jawo ruwan zuwa manyan kududdufai, a bar wa rana aikin ƙafar da shi. A tafkin Atakama na Cile, wannan yakan ci shekara guda ko fiye. Ruwa mai ɗimbin yawa yana salwanta a ƙasar da ba ta samun ruwan sama, abin da ya sa mazauna wurin suke kuka. Ga kuma maganiziyam, wanda yake da wuyar rabuwa da litiyam. Yawansa a tafkin Uyuni na Boliviya yana cikin dalilan da suka hana ƙasar cin moriyar arzikinta sosai.

Rariyar Manganis

A 1981 wani masani a Amurka, James Hunter, ya nuna cewa idan aka zuba ruwan asid a kan garin da aka haɗa da litiyam da manganis, litiyam yakan fice, amma ginin ƙwayoyin garin ba ya rushewa. Daga baya masana a Japan, cikinsu har da Kenta Ooi, suka mai da wannan gari abin kama litiyam daga ruwan teku. Ga yadda aikin yake:

1. A gasa sinadarin manganis tare da na litiyam har su zama gari ɗaya.
2. A wanke garin da asid mai sauƙi. Litiyam ya fita, haidirojin ya maye gurbinsa cikin ƙananan ramuka daidai girman litiyam.
3. A ratsa ruwan zartsi ta cikin garin. Litiyam ya koma raminsa. Sodiyam da fotasiyam sun fi ƙarfin ramin, maganiziyam kuwa yana riƙe da ƙwayoyin ruwa gam, don haka duk su wuce.
4. A sake wankewa da asid, a tara litiyam, a mai da garin bakin aiki.

Aikin da yake cin shekara a kududdufi yakan ƙare cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, kuma ana iya mai da ruwan inda aka ɗebo shi.

Inda Gizo Ke Saƙar

Duk lokacin da aka wanke garin da asid, wani ɓangare na manganis yakan narke ya bi ruwa, har garin ya raunana. Masana suna gwada cuɗa shi da wasu ƙarafa, ko lulluɓe ƙwayoyinsa, don rage wannan asara. Haka nan wankin kansa yana bukatar ruwa mai daɗi. Saboda haka har yanzu garin alminiyam ne ya fi shiga masana'antu, kamar a tafkin Hombre Muerto na Ajantina da lardin Cinghai na ƙasar Sin.

Abin Lura Ga Jama'a

Litiyam ɗin Nijeriya na dutse ne, sai an haƙa an niƙa. Amma kasuwar duniya ɗaya ce. Idan tsamo shi daga ruwa ya yi sauƙi, farashi zai iya sauka, kuma mai sayar da ɗanyen dutse shi zai fara jin jiki. Ya kamata ɗalibanmu na kimiyya su san wannan fasaha, masu haƙar ma'adinai kuma su himmatu ga tace abin da suka haƙo a nan gida kafin su kai shi kasuwa.