Gawon Bakin Nilu

Ɗana, tunda ka ce zane ya shiga ranka, zauna in ba ka labarin wani dattijo ɗan Omdurman, Ibrahim El-Salahi. An haife shi a 1930, mahaifinsa malami ne mai koyar da karatun addini, saboda haka ya buɗi ido da allo da tawada tun kafin ya san fenti. Garinsu yana bakin Nilu, kusa da Mugran, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, su jera kowanne da launinsa kafin su gauraya.

Ya tafi Landan a 1954, ya yi karatu a makarantar Slade, ya dawo a 1957 da gwaninta a hannu. Amma da ya baje zanensa a Khartoum, sai mutanen gari ba su ɗauke shi da zafi ba, domin ba su ga kansu a ciki ba. A nan nake so ka tsaya, ɗana, domin bai ce jahilai ne ba. Sai ya sunkuyar da kai ya koma kallon abin da ya tashi a cikinsa: lanƙwasar harafi a kan allo, adon ƙwarya da faifai, da jar ƙasa da baƙar laka da ya saba takawa.

A 1975 aka tsare shi a kurkukun Kobar fiye da wata shida ba shari'a, bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki. A can ma bai daina ba, yana yagar takardar buhun siminti, ya yi ɗan zane, ya binne cikin yashi kada gandiroba ya gani.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne itacen da ya riƙe bayan ya manyanta ya koma Oxford da zama. Itacen da ke tsirowa a gaɓar Nilu ne, mutanen can suna kiransa haraza, gawonmu ne na gona, wanda ke kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani lokacin da sauran itatuwa suka bushe, dabbobi su fake a inuwarsa suna cin ƴaƴansa. Shekara da shekaru yana zana shi, yana rage masa rassa, har ya zama layuka ƙalilan, bai gaji ba. Sai a 2013, ya haura tamanin, gidan Tate Modern na Landan ya tattara aikin rayuwarsa ya nuna wa duniya.

Saboda haka kada ka ƙosa, kada kuma ka ce sai ka ga teku. Ɗauki fensir ka tafi bakin gulbin garinku, ka zaɓi gawo ɗaya, ka zana shi da damina, ka koma masa da rani. Allah Ya yi wa hannunka albarka.