Gayyar Dabara: Yadda Ake Shirya Gasar Ƙirƙira Don Manoman Arewacin Kano

Akwai wani irin taro da ya shigo birane a 'yan shekarun nan. Sai a tara matasa masu ilimin kwamfuta a ɗaki guda, a rarraba su rukuni-rukuni, a ajiye musu matsala, a ce kafin kwana biyu ko uku kowane rukuni ya kawo maganinta. Masu rubuta manhaja ne suka soma shi, ɗaya daga cikin na farko kuwa an yi shi a birnin Kalgari na Kanada a 1999. Yanzu ya kai har ga sha'anin noma da abinci. Wannan takarda an rubuta ta ne domin malaman gona, da shugabannin ƙungiyoyin manoma, da ɗalibai masu niyyar kai irin wannan taro Dambatta, ko Bichi, ko Kunci, ko Makoɗa, ko Minjibir. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Gayya ce, sai dai maimakon kowa ya zo da fartanya, sai ya zo da basira.

Kafin komai, mai shiri ya san ƙasar da zai shiga. A nan gona tana jikin gona, ba saura, ba daji. Tun a shekarun 1960 wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, ya ga ana noma fili ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ƙasar ba ta mutu ba. Dalili shi ne hikimar mutanen. Suna tara takin tumaki da awaki, jakuna suna ɗebo sharar birni zuwa gona, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a fili guda, harawa ta koma wa dabbobi, dabbobi su mayar da taki. Ba sa sare gawo, domin yana kakkaɓe ganyensa da damina, ba ya tare wa shuka rana. To, wanda ya gaji wannan ba ɗan kallo ba ne a taron noma. Ɗalibin da ya fito daga Jami'ar Bayero, ko daga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, ya zo da nasa sanin, amma ya zauna a tabarma ɗaya da manomi, ba a kan mumbari ba.

Lokaci shi ne abu na biyu. Kada a sa taro da damina, ba wanda zai bar noman firi ya zo sauraron jawabi. A bari sai an gama kaka, amfani ya shiga rumbu, kafin a fara sharar gona. A kauce wa ranar kasuwa. A fara gaida hakimi da dagaci da liman, su ne za su sa a yi shela.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen zaɓen matsala. Masu shiri sukan zauna a ofis su rubuta "kawar da yunwa", alhali babu rukunin da zai kawar da yunwa cikin kwana biyu. A tura mutane tun da wuri su zauna a majalisa da dandali, su ji abin da ke ci wa manomi tuwo a ƙwarya, su rubuta shi yadda ya faɗa. Wani zai ce wuta-wuta ta cinye masa dawa. Wani zai ce kuɗin buhun takin zamani ya fi ƙarfinsa. Wani kuma ya ce yana sayar da wake da arha da kaka, don bai san farashin kasuwar Dawanau ba sai abin da dillali ya faɗa masa. Irin waɗannan su ne ake ɗorawa a gaban rukuni, ɗaya ga kowanne.

Mata kuma fa? Yawancin matan aure a wannan yanki ba sa fitowa dandali, amma su ne masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa, kuma awakin da ke ba da takin nan da yawa nasu ne. Taron da ya manta da su ya bar rabin aikin a cikin gida. A nemi ɗalibai mata da malamar gona su yi nasu zaman a wani gida, da yardar maigidan, abin da suka fitar a kawo shi gaban alƙalan gasar daidai da na maza.

Kowane rukuni ya kasance gauraye: manomi, da maƙeri ko kafinta, da ɗan kasuwa, da ɗalibi. Kada kuma a ɗauka dole sai an ƙirƙiro manhajar waya. Ku dubi buhun adana wake da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ce masu kauri a cikin buhun saƙa. A zuba busasshen wake, a matse iska, a murɗe bakin ledar ciki a ɗaure, a ɗaure ta biyu daban, sannan buhun waje. Ƙwaron da ke ciki ya shanye 'yar iskar da ta rage ya mutu, ba a sa ko ƙwayar magani ba. Ba batir, ba intanet. Amma in ɓera ya huda shi, ko tsinke ya soke shi, aikin ya lalace. Rukunin da ya gano yadda za a tsare buhun nan daga ɓera a ɗakin ƙasa ya fi wanda ya zo da allon hotuna masu ƙyalli amfani. In kuwa dabarar ta waya ce, a tuna galibin manoma ƙaramar waya mai madannai ce a aljihunsu, kuma saƙon murya da rediyo sun fi rubutu isa gare su.

Tsarin taron ya zama mai sassauci. In rukuni ya fita gona ya tarar matsalar da aka ba shi ba ita ce ainihin ciwon ba, a bar shi ya sauya. In an yi rasuwa a gari, a dakata a tafi ta'aziyya. A tsaya kowace salla. A tanadi sola ko janareta, a kuma ajiye allo da alli don kada wuta ta tsayar da aiki. Jawabin manyan baƙi a taƙaita shi, mun san yadda yakan cinye hantsi har azahar.

Sai hukunci. A sa manomi da mace mai sana'a cikin alƙalai, tambayarsu kuwa ba ta wuce: nawa ne kuɗinsa, wa zai gyara in ya lalace, ana samun kayansa a kasuwar kusa? A ranar a ba da ɗan tukuici kawai, babbar kyautar a riƙe ta. Manoma biyu ko uku su ware ɗan yanki a gonarsu su gwada dabarar da damina, gefe da gefe da yadda suka saba, malamin gona yana zagayawa yana rubutawa. Da kaka a ƙirga dami, a sussuka, a auna da kwano a gaban dagaci, a cire abin da aka kashe. Sannan a kira rukunan a raba kyauta bisa abin da awo ya nuna.