Darasin Kimiyya: Dalilin da Ya Sa Mai Aski Ke Neman Lasisi a Amurka

Ɗalibai, yau shagon aski za mu leƙa, amma na Amurka. A can ba a ɗaukar kilifa a fara aski don kuɗi sai da lasisi, kuma kowace jiha da hukumarta. Minnesota ce ta fara kafa irin wannan doka a 1897. Jiha ce ke amincewa da makarantar koyon aski da gyaran gashi, ta tsara manhaja, ta yanke awannin karatu, sannan ta yi wa ɗalibi jarrabawa. To, ina ruwan gwamnati da sumar mutane? Abu uku ne suka jawo ta: jini, ƙwayoyin cuta da sinadarai.

Mu fara da jini. Ku da kuka san wanzami da askarsa da ƙahonsa ba sai an gaya muku kusancin aski da jini ba; ko a Ingila, sai a 1745 likitocin fiɗa suka raba ƙungiya da masu aski. Reza ko bakin kilifa kan yi wa fata ɗan yankan da ido ba ya gani. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 ko fiye da ranta a cikin busasshen jini a jikin ƙarfe. Mutane sun fi tsoron ƙanjamau, alhali ƙwayarsa ba ta jure zama a waje kamar wannan. Makero kuwa ba ya ma buƙatar yanka. Mataji ɗaya ya ishe shi ya tashi daga kan wani yaro zuwa na wani.

Shi ya sa makarantun ke koyar da matakai uku, kuma ina so ku rubuta su. Na farko wankewa da ruwa da sabulu, don a cire gashi da maiƙo. Na biyu jiƙa kayan aiki a ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta, galibi na minti 10. Na uku kashe komai ƙurmus da tururi mai matsi, a zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, kamar yadda ake yi wa kayan asibiti. Wanda ya tsallake na farko ya ɓata na biyu, domin datti yana yi wa ƙwayar cuta rumfa, magani bai kai gare ta ba.

An ga haka a garin Watsonville na jihar Kalifoniya a shekarar 2000. Sama da mutum 100 suka fito da maruru a ƙafa bayan sun je shagon gyaran farce guda. Da aka bincika, sai aka tarar gashi da ɓawon fata sun taru a rariyar kwamin jiƙa ƙafa, wata bakteriya ta yi gida a ciki. Matan da suka aske gashin ƙafarsu kafin zuwa sun fi kamuwa. Ku gaya mini dalili. Madalla: rezar ce ta buɗe ƙofa.

Sai sinadarai. Gashi furotin ne mai suna keratin, wanda mahaɗan sulfa ke riƙe da lanƙwasarsa. Man miƙar da gashi yana tsinka waɗannan mahaɗai ne, kuma mai ƙarfin cikinsa da soda mai ƙuna ake yinsa. A ma'aunin pH, fatar kai tana wajen 5, man kuwa wajen 13. Kowane mataki ninki goma ne, don haka tazarar mataki 8 ninki miliyan 100 ke nan. Idan mai gyaran gashi ta bar shi ya wuce lokaci, fatar kai ta ƙone, wani zubin gashin ba ya sake tsirowa a wurin.

Akwai muhawara a kan yawan awannin karatun, kuma tana da tushe. Karatun yana da tsada, talaka mai baiwar hannu kan rasa hanyar shiga, masu kitso ma sun daɗe suna kukan ana tilasta musu koyon sinadaran da ba sa taɓawa. A 2022 Kalifoniya ta rage awannin gyaran gashi daga 1,600, na aski daga 1,500, duka zuwa 1,000, ta kuma soke jarrabawar gwajin hannu. A ganina ragewar ta yi daidai, domin kyan aski mai zuwa shago yana iya gani a madubi ya yanke hukunci da kansa. Ƙwayar cuta ce ba zai gani ba, kuma a nan jihar ba ta sassauta ba: awa 100 na kiwon lafiya da kariya, da wasu 100 na tsabtace kayan aiki, dole ne ga kowane ɗalibi kafin ya zauna jarrabawa.