Yadda Ake Yanka Dutsen Haɗi Ba Tare da Huhu Ya Sha Ƙura Ba

Ranar 1 ga Yuli, 2024, Ostireliya ta haramta sarrafa dutsen haɗi, wato falalen da masana'antu ke yi da niƙaƙƙen dutse da gam don shimfiɗawa a kan kabad ɗin kicin. Cutar silikosis ce ta jawo haramcin. Silikar da ke cikin falalen kan haura kashi 90 cikin 100, ninkin abin da ke cikin giranit, kuma ƙurarta mafi haɗari ido ba ya ganinta. Takan sauka can cikin huhu ta bar tabon da ba ya warkewa. A Kalifoniya, wani bincike na 2023 ya tattara masu cutar 52, kusan dukkansu 'yan ci-rani daga Latin Amurka, kuma 10 daga cikinsu sun riga sun rasu.

Inda ake aikin har yanzu, matakin farko shi ne ruwa. Dole ya riƙa kwarara a bakin faifan yanka daga farko har ƙarshe, haka ma wajen gogen gefe. Yayyafi da gora yaudarar kai ne. Ramin wurin wanke kwanuka da na famfo kuwa a huda su tun a shago, domin a gidan mai aiki ne ake yawan ɗaukar injin hannu a yi ɗan gyara a bushe, wai minti biyu ne kawai.

Na biyu, shara, kuma nan ne masu shago da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle. Farin caɓin da ya taru a ƙasa, in ya kwana ya bushe, ƙura ce sabuwa fil. A kwashe shi tun yana jiƙe, a wanke daɓen. Tsintsiya ba ta da aiki a nan, balle hura iskar kwamfuresa a jiki ko kan tebur. Abin da ya rage sai injin zuƙe ƙura mai matatar HEPA.

Na uku, abin rufe hanci. Takunkumin yadi ko na asibiti ba ya tare silika. Ana buƙatar mai matatar P100 wanda aka gwada ya zauna daram a fuska. Gemu kuwa yana hana shi mannewa, don haka mai gemu sai irin wanda ke rufe kai duka, batir na tura masa tatacciyar iska.

Kafin a tashi, a sauya tufafi a shago, kada a kai wa iyali ƙura gida.

Sai zuwa asibiti tun kafin tari ya fara: gwajin ƙarfin numfashi da hoton CT, domin hoton ƙirji na yau da kullum yakan kasa gano cutar a farkonta. Ma'aikaci ya faɗa wa likita sana'arsa da shekarun da ya yi a kanta, saboda alamun sun yi kama da na tarin fuka, silikosis ɗin ma tana ƙara haɗarin kamuwa da shi. Wanda aka samu da ita, dole ya bar wurin ƙura nan take, ya bar sigari idan yana sha.